Shagon da ya ƙi yi mini waldar kan farfela, kuma har yau nake kai mishi aiki

Sana'ata gyaran janareto ce, a unguwar Zariya nan Maraɗi, kuma shekara uku ke nan ina ƙera ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum guda a bayan gidanmu. Duk wanda ya leƙo ya ga fukafukan jingine a rumfa, tambayarshi ba ta wuce biyu: yaushe zai tashi, kuma wa ke yi maka aikin ƙarfen? Ta biyun ce zan amsa a nan. Ba zan kama sunan shagon ko na mai shi ba, don zan faɗi aibinshi tare da alherinshi, kuma dattijo ne da nake jin nauyi. Shagon ma ba shi da allo a ƙofa. Mu dai Baba muke ce mishi, shi kuma ya ce mini Malam, ko da yake na yi ɗa a wurinshi.

Da farko ba jirgi mai fukafukai na yi niyya ba, mai saukar ungulu nake so. Tun 2007 abin ya shiga raina, lokacin da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya karaɗe gidajen rediyo, ɗalibin nan na Jami'ar Bayero ta Kano da ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Rahotannin lokacin sun ce bai taɓa wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, wajen mita 2 ke nan, amma ni a lokacin wannan ma ya ishe ni. Na yi shekaru ina zane a takarda. Ranar da na ga kamar zanen ya nuna, sai na ɗauki takardar kan farfela, wato cibiyar ƙarfen nan da ruwan farfela biyu ke kamawa a saman jirgin, na nufi shagon Baba, don an ce mini duk garin nan ba wanda ya kai shi iya injin feƙe ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira tur.

Ya riƙe takardar ya daɗe yana dubawa. Bai yi dariya ba, kuma na lura da haka, don wurare biyu da na fara zuwa sai da yaran shago suka tashe ni da shewa. Abin da ya tambaye ni shi ne nauyin kowane ruwan farfela, da tsawonshi, da sau nawa zai juya a minti. Na ce kilo 8, mita 3 da rabi, juyi wajen 500. Sai ya ce: "To Malam, je ka a lissafa maka nauyin da zai riƙa jan wannan waldar in yana juyawa. In ka samo, ka dawo mu yi magana."

Ƙanena yana karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo a lokacin, shi ya zauna ya yi mini lissafin a daren. Ya maimaita sau biyu don ban yarda da na farko ba. Kowane ruwan farfela guda zai riƙa fizgar cibiyar da ƙarfin da ya kusa tan 4, kamar ka rataya buhun gero 39 na kilo ɗari-ɗari a jikin ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannuna biyu ba. Bakin farfelar kuma zai riƙa yanka iska da gudun kilomita 660 a awa. Ga shi kuma nauyin ba a zaune yake ba, kowane juyi farfelar na lanƙwasa sama ta dawo ƙasa, sau ɗaruruwa a minti guda. Irin wannan lanƙwasawar ce ke gajiyar da ƙarfe, kamar yadda yaro ke karya waya da hannu in ya yi ta kai ta yana kawowa.

Na koma da takardar lissafin. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce ba zai yi ba. Dalilinshi guda ne: ƙarfen da na kawo guntun aksul ne na babbar mota daga wurin ƴan gwangwan, bai san asalinshi ba, bai san wahalar da ya sha a hanya ba, kuma wuta in ta taɓa irin wannan ƙarfen gefen waldar yakan yi tauri ya zama mai saurin tsagewa. "Ƙofa in ta ɓalle, faɗuwa take a ɗaga ta. Wannan in ya ɓalle, kanka zai fara samu, sannan na yaran da suka zo kallo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Na fita da fushi. Na kai aikin wani shago, suka karɓa hannu bibbiyu, kwana biyu suka gama, suka shafe shi da baƙin fenti yana ƙyalli. Wani abu dai ya hana ni natsuwa, na sake ɗaukar shi na kai ma Baba, ina so ya gani cewa abin da ya ƙi wasu sun yi. Bai ce komai ba. Ya sa yaro ya kankare fentin tas, ya shiga ciki ya fito da gwangwanayen feshi guda uku da yake amfani da su in an kawo mishi kan injin mota. Na farko na wanke ƙarfe ne. Na biyu jan ruwa ne mai shiga duk wata kafa komai ƙanƙantarta, ya fesa ya bar shi kamar minti goma sha biyar, sannan ya goge. Na uku fari ne kamar alli, yana bushewa yana zuƙo jan da ya maƙale a ciki. Muna tsaye muna kallo wani siririn jan layi ya fito a gefen waldar, tsawon gaɓar ɗan yatsa. Da ido ba ka ganin komai a wurin, ko da ka kai shi rana. Wannan kan farfelar bai taɓa juyawa ko sau ɗaya ba, ga shi ya riga ya tsage tun yana hucewa daga wuta.

A watan Agusta na 2021 wani matashi mai walda a jihar Maharashtra ta Indiya ya rasu a gaban abokanshi yana gwada helikwaftan da ya ƙera da hannunshi, farfela ta ɓalle ta same shi, jirgin ko tashi bai yi ba. Na ga hoton bidiyon kafin in je wurin Baba, amma sai a ranar jan layin nan na gane cewa ni ma hanyar da na kama ke nan. Kan farfelar yana nan a shagona, na ajiye shi a kan kanta inda nake ganinshi kullum.

Daga nan na bar zancen mai saukar ungulu. Ba don ba a iya ƙera shi a gida ba, ana yi a ƙasashe da dama, amma masu yin sukan sayi farfela da cibiyarta da giyar a shirye daga kamfani. Abubuwan da ke iya kashe mutum a jikinshi sun yi yawa. Dole a sa mishi abin da zai saki farfela ta ci gaba da juyawa da iska in inji ya mutu a sama, in babu shi jirgin dutse ne. Dole ƙaramar farfelar wutsiya ta yi daidai, in ta tsaya gangar jikin ce za ta kama juyawa. Igor Sikorsky kanshi, shahararren maƙerin helikwafta, da duk iliminshi da kamfani a bayanshi, a ɗaure da igiya ya fara ɗaga helikwaftanshi mai suna VS-300 a watan Satumba na 1939. Sai na koma kan mai fukafukai, na samo cikakken zane na wanda wasu suka riga suka ƙera suka tashi da shi, na bar ƙirƙirar nawa.

Yanzu ga abin da ke cikin shagon. Akwai tur guda, tsoho ne ƙwarai amma ba ya rawa, akwai injin huda na tsaye, da injin walda na lantarki, da waldar gas mai tulu biyu. Ba su da waldar argon, kuma Baba ba ya ɓoye haka. Wannan bai dame ni ba, domin gangar jikin jirgina da bututun ƙarfe mai lamba 4130 ake yin ta, kuma shekaru da dama da waldar gas aka riƙa haɗa irin wannan bututun a ƙananan jirage. Bututun ba a samun shi a kasuwar nan. Wani ɗan uwana ne ya yi mini odar shi, ya biyo ta Kano, kuma rufe iyaka da aka yi a 2023 ya sa na yi watanni ina jiran kashi na biyu. Na so in cike giɓin da bututun da ake ƙofofi da gadaje da shi, Baba ya hana. Ya yanko guntun kowanne ya ɗora mini a hannu. Na kasuwa ya fi kauri, ya fi nauyi, ga ɗinki a cikinshi daga sama har ƙasa. Ya matse su a bakin maƙata ya buga da guduma, na kasuwa ya buɗe ta wurin ɗinkin, ɗayan kuwa ya lanƙwashe kawai.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai taɓa gangar jikin ba sai da ya yi gwaji a guntaye. Kaurin bangon bututun bai kai milimita ɗaya ba, shi kuma ya saba da ƙarfen tireloli da na injin niƙa. Sai ya ce in ba shi ragowar da aka yanke. Kusan sati biyu, in an tashi daga aiki bayan La'asar, yana haɗa guntaye uku ko huɗu wuri guda kamar yadda suke haɗuwa a jikin jirgin, ya bar su su huce da kansu ba tare da an zuba musu ruwa ba, sannan ya karya su da guduma. In ya karye a kan waldar, ya jefar ya sake. Sai da ya kai bututun ne ke yagewa can gefe waldar na nan daram, sannan ya ce in kawo aikin. Mutumin da ya haura sittin, wanda ya koya ma rabin masu waldar unguwar sana'a, ya zauna yana koyon hannu kamar sabon aparanti. Ko dala bai caje ni ta gas ɗin da ya ƙone a gwajin ba.

Shi ne kuma ya hana ni yin walda a sanholo. Wasu sassan fiffiken da sanholo mai lamba 6061-T6 ake yin su, kuma ƙarfinshi daga gashin da aka yi mishi a masana'anta yake. In wutar walda ta bi ta kanshi, gefen wurin yakan rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinshi, alhali a ido ba abin da ya canza. Shi ya sa zanen ya ce a haɗa da ribit da ƙusoshi masu zare. Ni na karanta wannan a takarda, shi kuwa ya san shi ne daga tankunan mota da ya ga suna sake tsagewa kusa da inda aka liƙe su.

Duk lokacin da na gan shi a bakin tur nakan tuna Charlie Taylor, makanikin shagon kekuna na ƴan uwan nan biyu Wright a garin Dayton na Amurka. Shi ya ƙera musu injin mai ƙarfin doki 12 cikin kusan sati shida, wanda ya ɗaga jirginsu ranar 17 ga Disamba 1903 na tsawon daƙiƙa 12. Sunan matuƙan kowa ya sani, na makanikin kuwa sai wanda ya bincika.

To, aibin shagon. Na farko jinkiri. In Baba ya ce sati guda, ka sa uku a ranka. Wani ɓangaren laifin wuta ne, musamman a bazara da ake yawan ɗaukewa, kuma janareton shagon ba ya iya ɗaukar tur da injin walda lokaci guda, ni na sani don ni ke gyara shi. Amma wani ɓangaren tsari ne babu. In mai injin niƙa ko mai tirela ya zo da aikin gaggawa, nawa ake turewa gefe, kuma ba wanda zai kira ya gaya maka, sai ka biya kabu-kabu ka zo ka tarar ba a taɓa ba. Na fahimci cewa su ne ke ciyar da shagon, amma kiran waya guda ba ya cin komai.

Na biyu tsada. Ƴan zoben ƙarfe takwas da aka feƙe mini na maƙalar tayoyi, jaka goma sha biyu na biya, alhali wani wuri an ce mini jaka bakwai. Ba a ragi kuma. Na biya ban yi nadama ba, don da na auna su a gida duka takwas ɗin awonsu guda, amma wanda aljihunshi bai da nauyi ya san da wannan kafin ya je.

Na uku shi ne ya fi damuna: yaran shagon. Aikin da Baba ya yi da hannunshi ba ni da shakka a kai, amma in ya tafi masallaci ko jana'iza, yaran kan ɗauki abu su ƙarasa don su burge shi. Haka aka yi mini da faranti biyu da ke riƙe tokaren fiffike. Zanen ya ce a huda ƙasa da awo sannan a share ramin a hankali har ƙusar ta shiga cif ba ta motsi. Yaron ya ɗauki abin huda mafi kusa ya zura, ramin ya fi ƙusar da rabin milimita. A ƙofar gida wannan ba komai ba ne. A jirgi kuwa jijjigar inji za ta sa ƙusar ta riƙa dukan bakin ramin har ya zama kamar ƙwai, daga nan tsagewa ta fara. Na nuna ma Baba, bai yi musu ba, ya ce: "Laifina ne Malam, ni na bar shi a fili." Ya sake sababbi, amma ƙarfen daga ɗan ragowar da nake tattali aka yanka. Tun daga ranar, kayana a akwati mai kwaɗo suke zama, mabuɗi ɗaya a wurinshi ɗaya a wurina.

Haka kuma ba su san ɗauri da awo ba. A wurinsu noti ya ɗauru ne in sufana ta ƙi gaba, wani ma har ya ƙara mata bututu ya hau da ƙafa. Sufana mai awon ɗauri ni na sayo tawa nake zuwa da ita, da wayar ɗaure noti mai kaurin milimita 0.8, wadda ake murɗawa ta yadda in notin ya so kwancewa sai ya ƙara jan wayar. Yaran sun koya da sauri, ɗaya daga cikinsu yanzu ya fi ni iya murɗa ta. Sai dai har yau ina ganinsu suna niƙa ƙarfe ba tabarau, ƙafa cikin silifa, kuma na yi ma Baba maganar fiye da sau uku. Rasit ma ba a bayarwa. Ni nake da littafina da nake rubuta kowane sashe, ranar da aka yi shi, ƙarfen da aka yi amfani da shi da wanda ya yi, in sa Baba ya sa hannu. Da farko abin ya ba shi mamaki, yanzu shi ke tuna mini in na manta.

Ƙusoshi kuwa kada kowa ya saya a tire don ya ga an buga lambar ƙarfi 8.8 a kansu. Na sayo guda goma a wani wuri, muka gwada biyu, ɗaya ta murɗe kamar alewa tun ba a kai awon da ya kamata ba. Duk inda rai ya rataya a kai, ƙusoshin jirgi da ake kira AN na yi oda.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta gwajin fukafukai, a watan sanyin da ya wuce. Jirgin da ni da mai a ciki an tsara shi a kan kilo 300. A sama kuwa, in aka juya da ƙarfi ko iska ta buge shi, fiffike kan ɗauki ninkin wannan, kuma awon da aka saba bi a ƙananan jirage shi ne ninki 3.8, wato kilo 1,140. Baba ya ƙera mini wani gado na ƙarfe da aka kifa fukafukan a kai ciki sama, don nauyin ya danna su ta ɓangaren da iska za ta riƙa tura su. Muka sa mai amalanke ya kawo yashi daga gulbi, muka ɗura a ƙananan buhuna 114, kowanne kilo 10 a kan sikeli. Muka riƙa jerawa biyu-biyu, dama da hagu lokaci guda, masu yawa kusa da gindi, kaɗan wajen baki. Bayan kowane buhu ashirin sai a tsaya, yaro ya auna nisan bakin fiffiken daga ƙasa in rubuta. Baba ya kori duk ƴan kallo ya sa aka ja ƙofa, ya hana kowa sa hannu ko ƙafa a ƙarƙashi. Da muka kai buhu na ɗari ba mai magana a shagon, kowa kunne ya kasa ko zai ji ƙarar wani abu ya saki. Muka cika, muka ƙirga daƙiƙu, muka sauke a hankali kamar yadda muka ɗora. Bakin fukafukan biyu suka koma daidai inda alli ya nuna tun farko. Bayan haka duk da murnar da ake yi sai da ya ɗauko gwangwanayen nan uku ya bi maƙalan ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin bai tashi ba tukuna, kuma ba zai tashi bana ba. Injin nake tara ma kuɗi, ina neman Rotax 582 mai ƙarfin doki 65, wanda ƙa'idar kamfanin ta ce a buɗe shi a yi mishi babban gyara duk awa 300, don haka na hannu da ba shi da littafin awoyinshi ba zan saya ba komai arha. Baba ya riga ya auna wurin da zai kafa teburin gwajin injin. Mun yi shawara za mu riƙa tayar da shi bayan Asuba ne, kuma man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, ba zai shiga tankin ba, saboda ƙasa da ruwan da nake tararwa kullum a kaburetan janareton mutane. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 shi ma abin lissafi ne, don iska mai zafi ba ta da kauri, inji na rage ƙarfi, fiffike na buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga.

Ya kuma gindaya mini sharaɗi tun yanzu: ba zai taimaka a fitar da jirgin daga gida zuwa kowane fili ba sai ya ga takarda daga hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da ke Yamai, kuma sai na koyi tuƙi a hannun malami a jirgi mai kujera biyu. Na yarda da duka biyun. A Amurka ma, inda dubban mutane ke ƙera jirgi a gida, sai jami'i ya duba shi, sannan galibi a yi awa 25 zuwa 40 ana gwajin tashi a keɓaɓɓen yanki kafin a ɗauki fasinja. Balle mu nan da yanayin tsaro ya sa duk abin da ya bi ta sama sai an tambayi mai shi.

Wanda zai kai irin wannan aikin shagon, ya je da safe kafin masu tireloli su cika wurin, ya je da zane mai awo a rubuce, da ƙarfenshi da takardar da ta nuna lambar ƙarfen, ya kuma tsaya a yi a gabanshi. In kan farfelar helikwafta ne daga ƙarfen gwangwan, kada ya wahalar da kanshi, amsar da aka ba ni za a ba shi. Ni ranar Asabar zan koma karɓo sandar tuƙi da ya ce an gama feƙewa, kuma ya aiko yaro ya gaya mini in taho da littafin.